Matar da Ake Yanka Riga a Jikinta

A shekarar da aka rushe tsohon gidan silima aka fara haƙa harsashin otel a wurinsa, a ita ce Baban Tebur ya fara ganin yarinyar. Lokacin ba a soma kiransa Baban Tebur ba. Tela ne kawai, ɗan shekara talatin da ɗoriya, wanda Madam ta ɗauko daga wani shagon ɗinkin kayan 'yan makaranta saboda ta ga yadda yake riƙe almakashi. Shagon Madam a zamanin ɗaki biyu ne a saman kantin mai gyaran agogo, da keke uku, da dogon tebur ɗaya, da madubi mai tsaga a kusurwa. Yarinyar ba neman aiki ta zo ba. Kawunta mai sayar da maɓallai ne ya aiko ta da ƙunshi, ta tsaya a bakin ƙofa tana jira a duba kayan. Madam ta ɗago kai ta kalle ta daga sama har ƙasa, ta ce ta ajiye ƙunshin ta hau kan wani akwatin katako da ke tsakiyar ɗaki. Ta yafa mata farin yadi, ta shiga naɗewa tana soka fil. Can wajen kafaɗa, fil ɗaya ya wuce yadi ya shiga nama. Baban Tebur ya ga ɗigon jini ya fito a kan farin, amma yarinyar ko ƙifta ido ba ta yi ba. Da aka gama ta sauko, ta tambaya ko maɓallan sun cika, domin kawunta ba ya son a daɗe.

Washegari ta fara aiki. Sharaɗi ɗaya Madam ta gindaya mata a gaban kowa: jikinta shi ne ma'aunin gidan, ranar da awonta ya canza kuwa sai ta nemi wani aiki. Daga nan sunan ya bi ta. Ma'auni ake ce mata a shago, Ma'auni ake ce mata a titi, har uwarta da ta haife ta takan manta ta kira ta haka.

Ya kamata a faɗi yadda Madam take aiki, domin yanzu ba a yi. Ita ba ta zana riga a takarda. Mutum mai rai take so a gabanta, mai numfashi, ta jefa masa yadi ta ga inda yadin yake son zuwa. Idan ta gama naɗi da fil da alli, sai Baban Tebur ya zare abin a hankali ya shimfiɗa a teburinsa, ya fitar da samfuri a takarda mai kauri, ya ƙara wa masu jiki, ya rage wa sirara. Haka aka yi duk macen da ta sa rigar gidan Madam a birnin nan, daga jikin Ma'auni aka ɗebo mata. Kafin a sa almakashi a yadi mai tsada kuwa, sai an yi gwaji huɗu: Ma'auni ta tsaya, ta taka, ta zauna a kujera, ta kai hannu baki kamar mai cin abinci. Madam takan ce matan da take wa ɗinki a bakin tebur suke nuna kayansu, rigar da ba za a ci abinci a cikinta ba kuwa gara a rataye ta a taga a ce labule ce.

Tun ranar ɗigon jinin, Baban Tebur ya ɗinka wa Ma'auni rigar ciki mai kauri, daga kafaɗa zuwa cinya, wadda take kama jiki tsam domin fil ya sami wurin tsayawa. Duk shekara yakan sabunta ta. Kowace Litinin da safe kuma, ita za ta hau akwati da rigar cikin a jikinta, shi ya zagaya ta da tef, ƙirji da ƙugu da kwankwaso, ya faɗi awon da ƙarfi. Madam tana can bakin taga da kofin shayinta, sai ta gyaɗa kai, aiki ya fara.

Titin ya girma tare da su. Mai agogo ya mutu, kantinsa ya zama ɗakin nuna zane-zane, fari fat, da fitilu ƙanana a rufi. Gidan mai sayar da taya ya zama gidan abinci mai doguwar tagar gilashi, inda mutane suke zama domin a gan su suna ci. Masu zane da masu tsara gine-gine da masu ƙera kujerun da ba a iya zama a kansu suka cika unguwar, matan masu banki suka biyo su, 'yan jarida suka biyo matan. Madam ta karɓe benen gaba ɗaya. Ma'auni ba ta taɓa zama a gidan abincin nan ba, amma babu abin da ake faɗa a can da ba ta sani ba, domin manyan mata sukan yi hira a gabanta kamar yadda ake yi a gaban kabad. Da sun fita sai ta sauko ta kwaikwayi tafiyarsu, Goggo Mai Guga ta yi dariya har ta kusa ƙona siliki. Baban Tebur yakan ɗaure fuska ya ce a yi aiki, ita kuwa ta ce, "Baba, kai ma murmushi kake, gashin bakinka ne ya rufa maka asiri."

Ta yi aure da wani direban babbar mota, ta haifi 'ya mace. Watannin da take da ciki, Madam ta yi su ne kamar mai jinya, ta gwada 'yan mata har ta gaji, kowacce sai ta motsa. Ma'auni ta dawo bayan yaye da awonta daidai, babu ragi babu ƙari. Yadda ta yi, ita ta sani. Mijin ya tafi wata tafiya ya sami wata rayuwa a can, bai dawo ba. Ta ɗauko uwarta, Inna, suka kama ɗaki biyu a bayan tashar jirgin ƙasa, ta sa 'yar a makaranta har ta kai ga yin nisa da gida. Duk wannan da tsayuwa ta yi shi. Ba ta iya keke ba, ba ta iya yanka ba, karatunta bai wuce na sa hannu ba. Ta taɓa gaya wa Baban Tebur cewa ita a duniya abu ɗaya ta iya, kada ta motsa.

Ana saura 'yan watanni shagon ya cika shekara ashirin da biyar, wata Litinin, tef ya zagaya ƙugunta ya wuce inda ya saba tsayawa. Ba da yawa ba, kamar faɗin farce. Baban Tebur ya sake zagayawa. Ya ɗaga kai, ya tarar idonta yana kansa, irin kallon da bai taɓa gani a fuskarta ba. Madam ta ce daga bakin taga, me ake jira. Sai ya ji bakinsa ya faɗi tsohon awo, da ƙarfi, kamar kullum. Madam ta gyaɗa kai.

A kan matakala ta tare shi lokacin hutun rana. Ta ce ta je asibiti, wani abu ne a ciki, an ba ta magani, likita ya ce za a gani. Abinci ba ya zama mata, ko ta tura. Inna ba ta sani ba, 'yar ba ta sani ba, kuma yarinyar saura mata shekara guda ta gama. Ba ta roƙe shi komai ba. Ta ce dai ta gaya masa ne don kada ya ɗauka tef ɗinsa ne ya lalace.

Shi ne ya kawo dabarar. Ya ɗauki rigar cikin ya tafi da ita gida, ya farke ta, ya yanka soso siriri irin na kafaɗar kwat, ya shimfiɗa shi falle a kan falle a inda naman ya zube, ya fere gefunan har yatsa ba zai ji inda ciko ya fara ba. Matarsa ta tsaya a kansa tana kallo. Ta ce masa, tausayi daban ne, ha'inci daban, kuma matar da ta ɗauko shi daga ɗinkin wandon 'yan makaranta ba ta cancanci haka ba. Ya ce na ɗan lokaci ne, sai magani ya kama. Ta ce to, ta dai faɗa, ta koma ga tukunyarta. Ranar Litinin tef ya tsaya a inda ya saba. Madam ta ɗora hannu a kan kwankwason Ma'auni tana naɗa yadi, ba ta ji komai ba. Baban Tebur ya ji kunya, kuma a ƙarƙashin kunyar ya ji wani ɗan alfahari, domin aikin ya yi kyau ƙwarai.

Magani bai kama ba. Kowane 'yan makonni sai ya sake ɗaukar rigar ya ƙara falle. Ƙashin wuyan Ma'auni ya soma fitowa, ta koma ɗaura ƙyalle tana cewa sanyin na'urar sanyaya ɗaki ne yake damunta. Goggo Mai Guga ta ce mata fuskarta ta faɗa, ta ce ai tsufa ne, Goggo ta fi kowa sanin hanyarsa. A kan akwati kuwa tana nan ƙyam kamar an dasa ta, sai dai Baban Tebur yana ganin gumi a gefen kunnenta, yana ganin yadda take danne yatsun ƙafa a katako idan jiri ya zo. Hankalinsa ya bar yadi ya koma fuskarta.

Domin bikin cikar shekarun, Madam ta ce ba za ta yi abin da kowa yake yi ba, wato a jera 'yan mata su yi ta kai da komowa a kan dandamali. Liyafar rana za ta yi a farfajiyar ɗakin zane-zane, a ƙarƙashin rumfa, gidan abincin nan ya kawo girki. 'Yan matan talla da wasu zaɓaɓɓu cikin manyan masu sayenta za su sa sababbin rigunan su zauna cikin baƙi, a ga kaya a inda aka yi su dominsa. Ta zaɓi siliki mai nauyi, mai tauri, wanda ba ya miƙewa ko kaɗan, ta kuma ce bana ɗinki zai bi jiki, babu sakin yadi.

Aka yi gwaji huɗu a kan kowace riga. Ma'auni ta tsaya, ta taka, ta zauna, ta kai hannu baki. Madam ta tambaya ko akwai inda ya matse, ta ce babu, kuma gaskiya ta faɗa. Abin da ita da Baban Tebur ba su tuna ba shi ne, nama idan an zauna bajewa yake yi, soso kuwa lotsawa yake. A tsaye, Ma'auni tana nan da awonta na da. A zaune, cikon yana shigewa ya ba riga wuri, wurin da babu shi a jikin mace mai ƙoshin lafiya. Baban Tebur ya san wannan tun yana yaron shago. Amma a kowane gwaji idonsa yana kan leɓunanta, yana lura ko za ta faɗi. Ya fitar da samfuri, ya yanka. Matan da za su sa rigunan suka zo gwaji, kowacce ta tsaya gaban madubi ta juya hagu ta juya dama ta yi murmushi. Babu wadda ta zauna. Zama aikin Ma'auni ne, kuma an riga an yi shi.

Ranar liyafa rana ta yi kyau. An shimfiɗa fararen ƙyallaye a tebura, an jera kofuna masu dogon wuya, wani saurayi yana kaɗa fiyano a gefen itacen lemo. Baban Tebur ya tsaya a inda ya saba tsayawa a irin wannan taro, bayan ƙofar ɗakin girki, da allura da zare a ƙirjin rigarsa. Ma'auni tana gefensa, ta jingina da bango. Matan suka fito cikin rigunan, mutane suka tafa, wani mai zane mai farin gemu ya dafa ƙirji ya ce yau ya daina zane. Gaskiya rigunan sun yi kyau. Baban Tebur bai taɓa yanka abin da ya kai su ba.

Sai aka ce a zauna. Matar mai banki, wadda ta fi kowa daɗewa tana saye a gidan, ita aka ja wa kujera a kusa da Madam. Ta sauka a hankali, fiyano ya zo daidai wurin da yake yin ƙasa-ƙasa, kowa ya ji ƙarar ɗinki yana ɓarkewa daga kwankwaso zuwa cinya. Ta yi wuf ta jawo ƙyallen tebur ta rufe. Can ƙarshen rumfa wata ta biyu ta ɓarke. 'Yan matan talla, da yake sun san aikinsu, suka ɗosana a bakin kujeru, ƙafa a miƙe, numfashi rabi-rabi, kifi yana hucewa a gabansu ba mai iya sunkuyawa. Wata ta ƙi zama sam, ta je ta tsaya gaban wani zane tana kallonsa har aka tashi, kamar yana gaya mata wani abu. Mai farin gemu ya ce wa na kusa da shi, ba da ƙaramar murya ba, ashe bana Madam ta ƙirƙiro rigar rage cin abinci. Masu ɗaukar hoto ba su huta ba. Madam ta ci abincinta har ƙarshe, bayanta a miƙe, ba ta waiwaya wajen ƙofar ɗakin girki ba ko sau ɗaya.

Baban Tebur ya ji hannun Ma'auni ya kama gwiwar hannunsa. Tun ɓarkewar farko ya gane, ita ma ta gane. Ya shiga bayan labule ya yi ta kama ɗinki ɗaya bayan ɗaya, mata suna tsaye a kansa suna huci, bai ɗaga kai ba.

Da safe Madam ta sa aka rufe ƙofar bene. Ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗa tsoratar da ma'aikata. Ta ce Ma'auni ta hau akwati, ta karɓi tef da hannunta ta auna ta a kan rigar cikin, ƙirji da ƙugu da kwankwaso. Awo ya fito daidai. Ta juya ta kalli teburin yanka. Ma'auni ta ja numfashi ta buɗe baki.

"Ke, tsaya daidai, kin karkace," in ji Baban Tebur, ba tare da ya kalle ta ba. Sannan ya ce wa Madam laifinsa ne. Idonsa ya daɗe yana ba shi wahala, ya ɓoye, wajen fitar da samfuri ya cinye rarar da ake bari a kwankwaso.

"A riga goma sha?" Madam ta tambaya.

"A duka, Madam."

Ta daɗe tana kallonsa. Ta ce da ya faɗa mata da ta sai masa tabarau, ko ta kai shi asibiti da kanta. Ta ce ya tattara kayansa. Ya naɗe almakashinsa a cikin tsumma ya sauka, Ma'auni tana kan akwati ba ta motsa ba.

A titi irin wannan, suna ba ya daɗewa. Kafin mako ya zagayo, kowane tebur a gidan abincin ya san cewa hannun Baban Tebur ya mutu. Wata jarida ta buga hoton yarinyar nan mai kallon zane, ta rubuta a ƙasa cewa tsohon mai yankan gidan ya makance ba a sani ba. Ya je gidajen ɗinki biyu da suka taɓa zawarcinsa a ɓoye, aka ba shi shayi aka raka shi har ƙofa. Yaran da ya koya wa riƙon almakashi suka koma gaishe shi da irin muryar da ake gaida marar lafiya. Ya fito da tsohon kekensa baranda, ya shiga rage tsawon wando da canza zif. Maƙwabci ya kawo yadin riga, matarsa ta biyo shi da gudu ta karɓe, ta ce ai an ce Baba ba ya gani.

Abin da ya fi cin ransa bai faɗa wa kowa ba: Ma'auni ba ta zo ba. Ba ta aiko ba, ba ta kira ba. Matarsa kuwa ba ta ɓoye nata ba. Ta ce shekara arba'in yana gina suna ya ɗauka ya miƙa wa wadda ko sannu ba ta iya cewa. Yakan ce mata ai shi ya hana ta magana, kuma da wace fuska za ta zo. Matar ta ce da wadda take zuwa aiki. Daga nan sai ya taka keke. Wani lokaci yana tsakiyar ɗinki sai ya tsaya yana lissafin cewa yanzu rigar cikin ta yi mata yawa, kuma babu mai ƙara mata falle. Yakan ji haushinta da safe, da yamma ya ji tsoro dominta, ya rasa wanne ne gaskiyarsa.

Damina ta wuce, aka shiga zafi. Wata ranar Laraba sai ga Goggo Mai Guga ta shigo gidan tana haki, ta zauna a kan buhun tsummoki ba a ce ta zauna ba, ta nemi ruwa. Ta ce 'yar Ma'auni ta gama makaranta a makon jiya, har ta sami wurin aiki. Ranar Litinin kuwa Ma'auni ta zo da wuri, ta shiga bayan labule kamar kullum, ta fito da 'yar doguwar riga ta gida, rigar cikin nan a naɗe a hannunta. Ta ajiye ta a kan teburin yanka, ta hau akwati ta tsaya. Sabon mai yanka, bawan Allah, ya zagaya ta da tef ya faɗi abin da ya gani da ƙarfi, tunda haka aka koya masa. Goggo ta ce ba ta taɓa jin ɗakin nan ya yi tsit haka ba. Ma'auni babu komai a jikinta sai ƙashi. Kuma ranar matar mai banki tana zaune a ɗakin, ta zo karɓar wasu kaya, Ma'auni ta san da zuwanta sarai tunda a gabanta aka sa ranar.

Madam ta ajiye kofi ta zo ta ɗauki rigar cikin. Ta matsa ta a tafin hannu ta saki, ta sake matsawa. Ta juya cikinta waje ta kai ta bakin taga tana bin ɗinkin da yatsa. Goggo ta ce har ta ɗauka Madam ta manta da mutane. Can Madam ta ce, ba da kowa take ba, wanda ya fere wannan soson idonsa ya fi na kowa a ɗakin nan. Ta ce maƙaryaci ne, munafuki, ya ci amanarta, kuma kada ya kuskura ya tako mata bene. Amma makaho kam ba makaho ba ne.

Baban Tebur ya tambaya me Ma'auni ta ce. Goggo ta ce ba ta ce komai ba, ta jira har aka ce ta sauka, sannan ta sauka. Madam ta sa direbanta ya kai ta gida, ta kuma ce a nemo mata likitan da ya fi wanda take gani. Amma jiya an kawo mutum-mutumi biyu na roba an kafa a tsakiyar ɗaki, akwatin kuma an fitar da shi baranda.

Matarsa tana bakin ƙofa tana ji. Ta shiga ciki ta fito masa da rigarsa ta fita.

Ɗakin bayan tasha ƙarami ne, da gado ɗaya da kujera mai hannu da hoton 'yar a bango. Inna ce ta buɗe masa, ta tsufa ƙwarai, ta ce yanzu ta san komai, kuma ba ta yafe wa kowa ba, har shi. Ma'auni tana cikin kujerar, an tokare ta da matasai. Ya lura bai taɓa ganinta a zaune haka kawai ba, ba don gwaji ba. Ta ce masa ya rame, ko matarsa ta daina ba shi abinci ne tunda ya daina kawo labarin manyan mata. Ya zauna a bakin gado yana juya hularsa. Ya fara cewa Goggo ta zo, ta gaya masa abin da ya faru ranar Litinin.

"Goggo da surutu," ta ce. "Zafi ne ya ishe ni, Baba. Ka san abin nan da ka ɗinka, ko bargo bai kai shi ba. Na ce yau kam ba zan iya ba."

Ya ce ai da ta bari, ko wata biyu ne ta ƙara. Ta ce Inna ta kawo wa Baba shayi, kuma kada a cika sukari, tsofaffi ba sa so. Daga nan ta shiga ba shi labarin sabon mai yanka, yadda yake lasar leɓe kafin ya sa almakashi, ta kwaikwaye shi har tari ya sarƙe ta. Duk lokacin da ya juyo da maganar, sai ta kauce.

Madam ba ta sake yi masa magana ba har ta bar sana'a. Amma kafin wata ya ƙare, wata baƙar mota ta tsaya a ƙofar gidansa, direban matar mai banki ya fito da yadi a cikin takarda, ya ce an ce a ba maƙaryacin nan, kuma a bar wurin zama. Wasu suka biyo baya. A gidan abinci mai doguwar taga labari ya juya, aka koma cewa tsohon nan da ya yaudari hannun Madam wata da watanni yana ɗinki a barandarsa, sai wanda ya san hanya. Bai koma yadda yake a da ba, amma ya yi sauran shekarunsa ana kawo masa siliki.

Ma'auni ba ta ga damina ta gaba ba. Ya je wurinta sau da yawa kafin nan, wani lokaci da matarsa, wadda takan kai mata romo ta zauna tana ba ta a baki. Ko sau ɗaya ba ta yarda an yi maganar ba. Har ranar ƙarshe da ya gan ta, da Inna ta sake tayar da zancen tana share hawaye, cewa ta yi zafi ne kawai.